Falankin da Bai Karye Ba

Hanyar Injin Rake,
wajen Mackay,
watan Yuli.

Aminina Nardu Portelli,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka da sauƙin jiki. Yaya bayan naka a wannan sanyin? Yaya Karmena da ciwon gwiwarta? Ina gaida ɗanka Freddie da matarsa da jikokinka, har da waɗanda aka haifa ba a gaya mini sunansu ba. Ni ma ina nan, ban mutu ba, in akwai mai tambaya.

Ka san ni ba mutumin rubutu ba ne. A jikin gwangwanin fenti na koyi haruffa, kai ne ma kake yi mini dariya in na karanta da ƙarfi. To in ka ga layi ya karkace a takardar nan, ka tuna cewa a jikin bango ban taɓa karkata layi ba.

Shekaru sun fi goma ana kirana mutumin da falankinsa ya karye da Nardu. Haka ake ce mini a shagon burodi, haka a bakin coci, haka yaran da ba a haifa ba lokacin suke faɗa. Na haɗiye, na sake haɗiyewa, yanzu maƙogwarona ya cika. Falankina bai karye ba. Ni na sani, kai ka sani, kuma a duk faɗin Queensland babu bakin da zai faɗa a yarda sai naka.

Za ka ce me ya tayar da maganar yanzu. Abu biyu ne.

Na farko, na je wurin Leli mai shagon nama, tunda shi ne shugaban shirin bikin coci na bana, bikin Uwargijiyarmu uwar Almasihu. Na ce masa ɗakin taron coci ya yi dauɗa, fentinsa yana ɓarewa kamar fatar maciji, a ba ni in fente shi kyauta kafin Satumba, yadda ni da kai muka saba. Ya ajiye wuƙa, ya goge hannu, ya ce, "Kelinu, kai ma ka sani ba ni ba ne, doka ce. Wanda ba shi da takardar inshora ba ya hawa tsani a filin coci."

Na ce, "Leli, bangon nan na fara fente shi tun kana yawo ba wando."

Ya ce, "To ai shi ya sa, tsoho. Ka huta mana."

Sai wani daga cikin masu jiran nama, ban juya na ga ko waye ba, ya ce, "A bar shi ya hau, amma a aro falanki daga wani gida." Aka kwashe da dariya. Na bar naman a kan teburi na fito.

Takardar inshorar da Leli yake nema, kai ka san inda ta tafi. Shekara da shekaru ina biyan kamfanin nan, ban taɓa latti ba, don in fenti ya zube wa wani a mota ko tsani ya faɗa wa wani a ka, su tsaya mini. Da aka gama shari'arka suka rubuta kalmar sakaci a gefen sunana. Daga ranar duk ƙofar da na ƙwanƙwasa sai a ce a'a, ko a yanka mini kuɗin da ko na sayar da ƙodata ba zan iya ba. Ba takarda, ba kwangila. Magina suka daina kirana. Masu gidajen da na fente wa iyayensu suka koma ɗaukar samarin nan masu fesa fenti da inji, waɗanda ba su san a kankare katako ba. Na sayar da motar aikin. Ranar da aka zo ɗaukarta matata Rozina ta shige ɗaki don kada in ga idonta.

Ban rubuto don ka ji tausayina ba. Ina da fanshona, ina da zomayena, ina da tumatir a bayan gida. Ban roƙi kowa ba.

Abu na biyu shi ya hana ni zama. Na ji an ce bayan biki 'yarka Doris za ta kwashe ku, kai da Karmena, zuwa Brisbane, har an fara neman mai sayen gidan. Wato za ka hau mota ka tafi da maganar a cikinka, ka bar ni da sunan da aka liƙa mini har a rubuta shi a kan kabarina. A'a, Nardu. Ban yarda ba.

A jirgin ruwa ɗaya muka zo ƙasar nan, ni daga Malta, kai daga Gozo, ɗan tsibirin da ke gefenmu, kana amai tun daga tashar farko ina riƙe maka bokiti. Layi ɗaya muka sari rake, baƙi ƙirin da toka, har iyayenmu ba za su gane mu ba. Da na bar adda na kama buroshi, kai ka tsaya a gonarka, amma ba Asabar ɗin da ɗaya ya kira ɗaya ya ƙi zuwa. Ni na riƙe Freddie ranar baftismarsa. Gidanka da nawa, layin dogon injin rake ne kawai a tsakani. Ga shi yau ina liƙa kan sarki don in yi maka magana.

Ba na neman kotu, ba na neman jarida, ba na neman a maido mini komai. Ka turo a kira ni, ka kalle ni, ka ce, Kelinu, falankinka bai karye ba. Shi ke nan. Ko mutumin Gozo, da duk rowarku, zai iya ba da wannan.

An fara niƙa a injin, toka tana sauka a kan shanya kamar kullum. Ka gaida Karmena, ko da ba za ta amsa ba.

Ni ne amininka tun jirgi,
Kelinu Bezzina.

*

Hanyar Injin Rake,
watan Agusta.

Nardu,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta iyali. An ce kwana biyu ba ka cin abinci. Ka ci. Yunwa ba amsa ba ce.

Takarda na aiko maka, kai kuma ka bari ɗanka ya zo mini. Ina ba zomaye ciyawa na ji mota ta tsaya. Freddie ne, ya yi ƙiba, furfura ta fara masa a gefen kunne. Raina ya yi fari, har na fara goge hannu a wando. Ya tsaya a wajen shinge, bai taɓa ƙofa ba.

Ya ce, "Mista Bezzina."

Na ce, "Mista wa? Yaron da ya yi mini fitsari a kwat ɗina guda ɗaya a gaban Fada, limamin coci, yau ni ne Mista? Ina Baba Kelinu ya tafi?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ban buɗe takardarka ba, ba na kuma son sanin abin da ke ciki. Tunda ta zo Baba ya juya kekensa yana kallon bango, Mama tana kuka a kicin. Ka ɗora shi a kan ruɓaɓɓen katako, ka karya masa baya, ko asibiti ba ka taka ba. Ka bar shi ya tafi lafiya mana. Me kuma ya rage da za ka karɓa?"

Nardu, bakina ya buɗe. Maganar ta zo har kan harshena. Na dube shi, na ga da gaske yake, har cikin zuciyarsa haka ya sani. Yana can wurin aikinsa a ramin kwal lokacin da abin ya faru, abin da aka gaya masa a waya shi ya riƙe. Na rufe bakina na ce, "Ka gaida mutanen gida." Ya ja mota ya tafi.

Mutanen gari su ce abin da suka ga dama. Amma Freddie! Ka zauna shekara da shekaru kana kallon yaron da na riƙe a coci yana tsana ta, ba ka ce uffan ba. Wannan ce ba zan haɗiye ba. Tunda ka manta, ko kana yin kamar ka manta, bari in rubuta maka ranar. In ka gama karantawa ka jefa a murhu, ni ba ruwana.

Asabar ce, a gidan likitan dabbobi da ke hanyar maƙabarta, dogon gidan katakon nan da ke tsaye a kan dirkoki. Na kankare bangon gabas har katako ya fito tsirara, ga hadari yana haɗuwa ta wajen teku. In ruwa ya taɓa shi a haka aikin ya lalace. Shi ya sa na kira ka, shi ya sa kuma muka kasa zuwa jana'izar tsoho Wenzu, wanda ya ba mu aikin rake na farko a ƙasar nan. Tun safe kake mita: "Mutumin da ya ba mu katifa, ana kai shi muna shafa fenti. Allah ya yafe mana, ɗan Malta, ku dama ba ku da kunya."

Na ce, "Yi shafa, Wenzu da kansa zai zage ka in ka bar katako a ruwa."

Muna sama, ni a wannan gefe, kai a wancan, falanki a shimfiɗe tsakanin tsani biyu. Falankin da muka saya tare, wanda ka ƙona masa alamar gicciye a baki da ƙarfe mai zafi. Ban taɓa shafa masa fenti ba, don fenti yana ɓoye tsaga, mai kawai nake ba shi. Hannunka na hagu yana riƙe da bakin taga, na dama da buroshi. Sai ga motar gawa ta karyo kwana, motoci a bayanta a hankali. Na tsaya da aiki na sunkuyar da kai. Kai kuwa, da yake kana jin nauyin rashin zuwanka, ka saki taga ka cire hula da hagu, ka yi alamar gicciye da dama, buroshi yana hannun, har ka ja wa goshinka farin layi. Ka juya don ka fuskanci gawar yadda ya kamata. Ka ja ƙafa baya, inda babu katako.

Falankin ko motsi bai yi ba. Ina tsaye a kansa.

Ni na sauko, ni na tallafi kanka. Hular tana hannunka ba ka sake ta ba. Na goge maka fentin goshi da gefen rigata kafin motar asibiti ta iso, don kada a kai ka gaban likitoci kamar abin dariya. Masu rakiyar gawa sun riga sun wuce, kowa kansa a sunkuye, babu wanda ya gani.

Kana kwance a asibiti Karmena ta same ni a ƙarƙashin gidana, tsakanin dirkoki, ina wanke buroshi. Ta rame, ɗankwalinta a karkace. Ta ce, "Kelinu, likita ya ce ba zai sake tsayawa ba. Mun ga lauya. Ya ce inshorarka ba ta ba da ko sisi sai in laifin naka ne. In shi ya zame da kansa, gona ta tafi, gida ya tafi."

Na ce, "Karmena, ƙarya kike so in yi wa katakona?"

Ta ce, "Ban ce ka ce komai ba, ɗan'uwana. Shiru kawai. Kamfani ne zai biya, ba kai ba. Me zai ci maka?"

Me zai ci mini! Ita ma ba ta sani ba, ni ma ban sani ba.

Mutumin inshora ya zo da jakarsa, ya ƙi zama don kada kujerata ta ɓata masa wando. Tambayarsa ta farko, "Nawa kake biyansa a rana?"

Na ce, "Biya? Ranar Asabar? Mu ba ma haka. Miyar zomo muke ci da giya mai sanyi, wani makon ni ma in je masa gona."

Ya ce to ashe kai ba ma'aikacina ba ne. Sai a ranar na gane tarkon. Da ina biyanka lada, da wata inshorar ce ke da kai, ta ma'aikata, wadda ba ta tambayar laifin waye. Amma da na taɓa miƙa maka kuɗi ranar Asabar, ai da a fuska za ka watsa mini. Zumuncinmu ne ya jefa ka hannun wadda ba ta buɗe jaka sai an sami mai laifi. Kuma a kan falankin nan mu biyu ne kawai.

Ya ce, "Ka ga faɗuwar?" Na ce ina kallon titi. "Ina falankin?" Na ce na jefa shi a wutar da ake ƙona gonar rake da ita saboda baƙin ciki. Ya dube ni kamar ya ga jaki. Sannan ya ɗaga mini yatsa ya ce, "Daga yau ba ka zuwa wurinsa, ba waya, ba saƙo, ba ka cewa sannu. Kalma ɗaya ta fita daga bakinka mu zare hannunmu, ku ƙarata."

Ka ji dalilin da ban taka asibiti ba. In na zo na ce maka sannu, ka rasa komai. Na zauna a gida kamar kare a ɗaure. Rozina ta kasa jurewa, ta dafa zomo ta kai muku, Karmena ta maido tukunyar ba a buɗe ba, wai lauya ya hana. Shari'a ta yi ta ja, takardu suna zuwa da sunanka a sama da nawa a ƙasa kamar zakaru biyu. Ƙarshe suka sasanta a wani ofis a Brisbane, ba wanda ya tambaye ni. A takardar lauya an ce katako tsoho ne, mai tsaga, ko fenti babu. Kafin magana ta kai shagon Leli ya zama ya karye gida biyu.

Na ce ba komai, in an gama Nardu zai kira ni, mu yi dariyar yadda muka yi wa masu jaka wayo. Aka gina maka gangara a ƙofar gida don kekenka, na ji daɗi. Na jira. Karmena ta fara tsallaka titi in ta hango ni. Na jira. Rozina ta kwanta ciwo, tana tambaya ko kun aiko. Ranar da aka kai ta na yi ta waiwaye a coci.

Ban yi nadamar shirun da na yi ba, kada ka ɗauka haka. In yau aka sake, zan sake. Amma aro na ba ku sunana, ba kyauta ba.

Falankin ban ƙona shi ba. Yana rataye a ƙarƙashin daɓen gidana, duk shekara ina sauke shi in ba shi mai. Ka gaya wa Karmena ta kwantar da hankalinta, ba zan je wurin kamfani ba, ba zan buɗe baki a gari ba. Amma jerin gwanon biki ta ƙofata yake wucewa. Ranar ka ɗaga kai.

Allah ya ƙara sauƙi.

Kelinu.

*

Hanyar Injin Rake,
watan Satumba, washegarin biki.

Nardu, ɗan Gozo mai taurin kai,

Ina gaisuwa. Yaya gajiyar biki? Ina fatan rana ba ta dake ka da yawa ba, na ga Freddie bai riƙe lemar daidai ba. Ni gwiwoyina ne suke zagina tun jiya, amma ba su isa su kwantar da ni ba.

Ka gani da idonka, duk da haka zan faɗa, don kada wata rana a sake juya labari.

Leli ya hana ni bangon coci, amma barandar gidana tawa ce, babu kamfanin da zai tambaye ni takarda a kanta. Tun da safe na fitar da tsani biyu, na sauko da falanki na goge shi, na shimfiɗa shi a sama, bakin mai gicciyen yana kallon titi. Na sa fararen kayan aikina da Rozina ta ninke tun ranar da aka sayar da mota. Sun yi mini yawa yanzu, sai da na ɗaure da igiya. Na buɗe gwangwani, na hau.

Matar maƙwabcina ta leƙo ta shinge ta ce, "Mista Bezzina, don Allah sauko, za ka kashe kanka!"

Na ce, "In na faɗo, ki shaida ni na faɗo, ba katako ba."

Na ji ganguna da ƙahoni tun daga kwana. Yara masu tuta suka wuce, Fada ya wuce, ya ɗaga kai ya gan ni ya yi kamar bai gani ba. Sai masu ɗauke da mutum-mutumin Uwargijiyarmu a kafaɗa, Leli a gaba yana gumi. Na ajiye buroshi, na dafa dirka da hannu ɗaya, na cire hula da ɗayan. Ka lura, na dafa dirka.

Leli ya ce da ƙarfi, "Kelinu, ka haukace ne? A shekarunka?"

Da Uwargijiyarmu ta wuce na maida hulata, na taka zuwa tsakiyar falanki, inda ya fi rauni in mai rauni ne. Na yi tsalle. Ba wani tsallen kirki ba ne, na tsoho ne, amma ƙafafuna sun bar katako sun dawo. Mata suka yi ihu, wani yaro ya tafa. Falankin ya ɗan lanƙwasa ya miƙe, yadda ya saba. Su a ganinsu tsoho ne ya zare a kan wani katako. Ba wanda ya san wane katako ne, ban kuma faɗa ba. Alkawarin da na yi wa Karmena yana nan.

Sai ga ku a can baya, cikin tsofaffi da masu keke. Freddie yana tura ka, Karmena a gefe da carbinta. Ita ta fara gani. Ta tsaya cak har na bayanta ya yi karo da ita. Kai kuma ka ɗaga kai, kamar yadda na ce. Ba ni ka fara kallo ba, bakin falankin ka kalla, inda ka ƙona da hannunka. Ka tsufa, Nardu. Ba wanda ya gaya mini ka tsufa haka.

Freddie ya ƙara sauri don ku wuce. Ka sa hannu ka riƙe taya, keke ya tsaya. Na ji ya ce, "Baba, saki mana, rabu da shi." Ba ka saki ba. Da ɗaya hannun ka cire hularka, ka ɗora a ƙirji.

Uwargijiyarmu ta riga ta yi nisa, ta kusa kwanar injin. Babu gawa a titi. Babu Fada. Ni kaɗai ne a gabanka, a sama, da fenti a hannu.

Na jira ka buɗe baki. Jama'a suna ratse ku ta hagu da dama. Karmena ta sunkuya ta ce maka wani abu a kunne, ta cire hannunka daga taya, Freddie ya tura. Har kuka sha kwana hular tana ƙirjinka.

Na san abin da kake tunani. Kana cewa shi ke nan, na biya Kelinu, ya gane. Ku mutanen Gozo haka kuke, ku biya bashin bijimi da ɗan tsako ku ce a yi godiya. To ban karɓa ba. Ba zan ɓoye maka ba, da na sauko sai da na zauna a matakala na daɗe, buroshi ya bushe a hannuna, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Amma hula ba magana ba ce. Hular nan ita ta jefar da kai, ita ta cinye mini mota da sana'a da suna, ba za ka kuma sallame ni da ita ba. Gobe Freddie zai ce rana ce ta dame ka. Karmena za ta ce addu'a kake yi. Ni kuma in mutu ina tambayar kaina.

An kafa allon sayarwa a ƙofar gidanka, na gani. An ce Doris tana zuwa ƙarshen wata. To ga abin da zan yi, ina gaya maka tun yanzu don kada a ce na yi shigar sauri. Ranar Asabar zan yanka zomo, in dafa shi yadda Rozina take yi, da tafarnuwa da ganye. Zan tsallaka layin dogo da tukunyar a hannuna, in hau gangaren nan da sunana ya gina, in ƙwanƙwasa. Babu lauya yanzu, babu mai jaka, babu wanda zai ce kada in ce maka sannu. In an maido tukunyar zan zauna a bakin ƙofa da ita har ta huce, Asabar ta gaba in dafa wata.

Freddie ya kasance a wurin. Ba na son Leli, ba na son Fada, ba na son gari. Mu uku, da Karmena in za ta iya tsayawa. Kuɗinku ba wanda zai taɓa, abin da aka faɗa a kicin a kicin zai tsaya. Yaron nan kawai nake so ya ji daga bakin ubansa, ya dube ni ya kira ni da sunan da ya saba.

Tambaya biyu ce, ba ta buƙatar makaranta. Wa ka cire wa hula jiya? Kuma ranar jana'izar Wenzu, me ya karye?

Na yi maka shiru lokacin da shiru ne zai cece ka. Yanzu kai za ka yi magana. Ka amsa mini, Nardu. Da bakinka.

Ni ne wanda ya goge maka goshi,
Kelinu Bezzina, mai fenti.